Barcin Adda da Takardun Dahome

Shekarar da aka ba da mulkin kai ina da shekara tara ko goma, kuma abin da ya fi zauna mini a rai daga shekarar shi ne barcin yayata. Adda muke ce mata. Ta girme ni da kusan shekara goma. An yi mata aure a Kende, ta haifi 'ya mace, jaririyar na da wata huɗu mijinta ya kawo ta gida Bagudo a kan jaki, yana tafe yana tallafe da ita ta baya don kada ta faɗo. Ya ce wa Inna tun kafin haihuwa take fama da zazzaɓi da ciwon kai, yanzu kuma barci ya kama ta. Tana daka sai ta yi barci da taɓarya a hannu. Ran nan an tsince ta a bakin ruwa ta jingina da tulu, 'yar na ta tsala kuka a bayanta, ba ta ji ba.

Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Kaka, uwar Innarmu, domin ɗakin ya fi sanyi. Da farko takan farka ta ba 'yar nono, ta ci abinci, har ta yi mini faɗa a kan kitson da na bari ya tsufa. Bayan wata biyu nonon ya kafe, aka koma ba jaririyar kunu da madarar da wata Bafulatana ke kawo mana kullum da hantsi. Adda kuwa sai a sa mata loma a baki ta yi barci ba ta haɗiye ba, sai Kaka ta sa yatsa ta ciro. Idan ta buɗe ido takan kalle mu kamar baƙin da suka shigo neman ruwan sha. Aikina shi ne in kore mata ƙuda, in kuma taimaka wa Kaka mu juya ta sau uku a yini don kada jikinta ya yi gyambo. Ba ta da nauyi. Har yau idan na ɗaga buhun da ya kusa ƙarewa sai hannuna ya tuna da ita.

A gidan akwai Kawu, ƙanen Inna. Tun yana saurayi ya ƙetara Dahome neman aiki, Faransawa suka ɗauke shi soja, ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba, sannan ya dawo da ɗingishi da kuma Faransanci a bakinsa. Yana da 'yar rumfa a ƙofar gida inda yake sayar da gishiri da sabulu da ashana da ƙusa. Duk wata yakan hau keke ya ƙetare kogin Kwara a kwalekwale, ya bi ta Lolo ya shiga kasuwannin Dahome ya yi sari. Tare da kayan yakan sayo damin tsofaffin takardu na ƙunsa gishiri. A cikinsu ne ake samun waɗansu 'yan littattafai masu zane, kowane shafi an raba shi gida-gida, magana na fitowa daga bakin mutane cikin wani farin kumfa. Waɗannan ba ya ƙunsa komai da su. Yakan ajiye su a ƙarƙashin tabarmar rumfa, idan ciniki ya lafa bayan azahar ya karanta, ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa yana fassara mini.

Labari ɗaya ne ake ta ci gaba da shi, fitowa bayan fitowa. Waɗansu mutane ne a cikin jirgi mai siffar tarwaɗa, suna yawo tsakanin taurari. Akwai shugabansu mai furfura, akwai likita mai ƙiba da son barkwanci, akwai kuma wani mutum da aka ƙera da ƙarfe, wanda ya san lissafin komai amma ba ya gane wasa. Ba a jere muke samunsu ba. Wani lokaci mutumin da ya mutu a wannan fitowar sai mu same shi da rai a ta gaba, Kawu ya duba lambar bango ya ce baya muka koma.

Wata rana da damina ta yi nisa ya dawo da wata fitowa wadda ruwa ya ɗan taɓa gefenta. A ciki mutanen suka tarar da wani tsohon jirgi yana shawagi shi kaɗai cikin duhu, wayoyi sun nannaɗe shi kamar sarƙaƙiya. Suka yanka suka shiga. Kowa a ciki ya mutu ya bushe a mazauninsa, sai mace ɗaya kwance cikin akwatin gilashi, hannuwanta a kan ƙirji, tana numfashi. Mutumin ƙarfe ya duba wani agogo ya ce shekararta ɗari a haka. Likitan ya yi wata magana, sauran suka yi dariya, mutumin ƙarfe ya tsaya yana kallonsu.

Na ce, “Kawu, mi ya ce sunka yi dariya?”

Ya ce, “Cewa ya yi ga ta cikin tatsuniya sun iske, saura a samo ɗan sarkin da za ya tashe ta.”

“Wace tatsuniya?”

Ya juya shafi. Mai zanen ya bar jirgi da taurari, ya zana wani gidan sarauta da ƙaya ta rufe, da wata yarinya riƙe da mazari, jini na ɗiga daga yatsarta. Kawu ya ce likitan ne ke ba mutumin ƙarfe tatsuniyar, domin shi ba shi da uwar da za ta ba shi. Tatsuniyar Nasara ce, in ji shi, kowane yaro a can ya san ta: 'yar sarki ce aka yi wa baki, mazari ya soke ta, ta yi barci shekara ɗari har wani ya ratsa ƙaya ya zo ya tashe ta. A gidan ƙarshe na shafin ƙarshe, likitan ya daina dariya, ya ɗora hannu a kan murfin akwatin. Daga nan sai wani ɗan rubutu a ƙasa, wanda Kawu ya ce yana nufin sai fitowa ta gaba.

Na karɓi littafin na ruga ɗakin Kaka. Tana zaune a bakin ƙofa tana kaɗi, Adda na kwance a bayanta. Na nuna mata, na ba ta labarin yadda na ji shi. Ta daɗe tana kallon matar da ke cikin akwatin, ta kawo takardar kusa da ido, ta kai ta nesa.

Ta ce, “Shekara ɗari. To wa ke juya ta?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “Wanda ya yi wagga tatsuniya bai taɓa jinya ba.” Ta miƙo mini littafin. Har na juya sai ta ce, “Mu ma muna da irinta, amma tamu ba ta da ɗan sarki.”

Kaka ba ta yin tatsuniya da rana. Takan ce wanda ya saurari tatsuniya rana na sama, ɓata zai yi a daji. Amma ran nan ta ajiye mazarin ta ba ni ita ina tsaye, ba buɗewa ba rufewa, kamar tana ba da labarin maƙwabta. Wata mace ce ta je ɗiban ruwa ta bar jaririyarta a gida. Mutanen ruwa suka ja ta zuwa garinsu, suka ba ta tuwo ta ci, ta ce za ta koma 'yarta na jira, suka ce ta kwana uku tukuna. Da ta fito ta tarar da tulunta ya zama ƙasa. Ta shiga gari ba ta san kowa ba. A gidansu ta iske wata tsohuwa ba haƙori tana shan rana, ta tambaye ta ina jaririyar da aka bari a ɗakin nan. Tsohuwar ta ce, ni ce.

Na ce, “Sai aka yi yaya?”

Ta ce, “Sai me kuma? Nan ta ƙare.” Ta waiwaya ta dubi Adda, ta ce in zo mu juya ta, la'asar ta yi.

Ni dai abin da na riƙe shi ne mazari. Na tuna Adda ma takan yi kaɗi, na tuna ta taɓa nuna mini wani kumburi a wuyanta. Washegari da Kaka ta zagaya bayan gida, na kwashe mazarinta guda biyu da na Inna ɗaya, na kai bakin fadama na jefa cikin ruwa. Aka yi ta nema. Da Inna ta gane ni ce, ta ɗauko tsumagiya, Kaka ta tare ta. Kaka ta tambaye ni dalili, na ce mazari ne ya sa Adda barci. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, Kaka kuwa ta aika aka sayo mata wani mazarin ranar kasuwa, ta ci gaba da kaɗinta, sai dai ta koma yi a gindin ɗorawar da ke bayan gida inda ba na gani.

Daga nan na sa rai ga fitowa ta gaba. Na tabbata a cikinta za a nuna abin da likitan ya yi matar ta farka, mu ma mu yi wa Adda. Kawu ya je Dahome ya dawo, babu. Ya ce can ma sun karɓi mulkin kansu, Bafaranshen da ke karanta littattafan yana jefarwa ya tattara ya koma ƙasarsu, sai abin da ya rage a shagon mai takarda. Na roƙe shi ya sake dubawa. Wata na gaba ya kawo guda uku, duk na baya ne, mutanen ba su ma kai ga tsohon jirgin ba.

Ranar mulkin kai aka raba wa 'yan makaranta tutoci ƙanana, aka dafa shinkafa a filin gari, makaɗa suka yini suna kiɗa. Ni ba na makaranta, amma wata ƙawata ta ba ni tutarta na kawo gida. Na shiga ɗakin Kaka, na tarar idon Adda a buɗe. Kiɗan na shigowa ta taga. Na kaɗa mata tutar a fuska na ce mata an ba mu mulki. Ta bi ta da ido sau biyu, ta ce, “Bikin wa aka yi?” Wannan ce maganar farko da ta yi cikin sati uku. Kafin in amsa ta koma barci.

Bayan girbi ma'aikatan ciwon barci suka zo garin. Suka kafa rumfa, mai gari ya sa aka yi shela kowa ya fito a taɓa wuyansa. Mu muka ɗauki Adda a kan ƙyauren ɗaki muka kai ta. Wani ma'aikaci mai tabarau ya lalubi wuyanta, ya soka allura ya ɗebi ruwa, ya leƙa cikin wani madubi mai bututu, ya ce wa Kawu ƙudan tsando ne ya cije ta, mai yiwuwa a bakin ruwa inda take wanki. Ya ce ciwon ya kai ga kai. Akwai allura, amma mai ƙarfi ce, wani tana tashinsa, wani tana tafiya da shi, wani kuma tana taɓa masa ido. Aka aika Kende, mijinta ya zo, ya ce a yi. Aka tafi da ita asibiti a motar ma'aikatan, Inna ta bi ta. Ni da Kaka muka zauna da jaririyar.

Sun daɗe ƙwarai. Aka yi mata allurar zagaye ɗaya, ciwon ya dawo, aka sake. A wannan tsakanin yarinyar ta yi rarrafe, ta yi haƙora, ta miƙe tana bin bango. A bayana ta girma. Kalmar da ta fara faɗa sunan akuyarmu ce.

Ana saura 'yan kwanaki su dawo Kawu ya kira ni rumfa ya ce ya samu fitowar. A wajen wani mai ƙosai ya gan ta a kasuwar can, har an yage bangon an ƙunsa wa wani. Ga akwatin a buɗe, ga matar a zaune. Ba ɗan sarki, likitan ne ya murɗa waɗansu maɓallai. Kawu ya karanta a zuci tukuna, abin da bai saba yi ba, sannan ya ce mini ta farka lafiya, ta yi godiya, sun mayar da ita garinsu an yi murna. Na bi zanen da yatsa. Na ga matar tana magana, na ga shugaban ya sunkuyar da kai. Na ga ta bi ta tsakanin busassun mutanen nan tana duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. A gidan ƙarshe tana tsaye a bakin taga ta ba mu baya, ba komai a gabanta sai baƙi da ɗigon taurari.

Na ce, “Kawu, ina garin nasu? Ban ga murnar ba.”

Ya ce, “Shina cikin shafin da mai ƙosai ya yage.”

Ban yarda ba, ban kuma ƙara tambaya ba. Ban taɓa koyon Faransanci ba, shi ma bai taɓa canza maganarsa ba har ya rasu.

Adda ta dawo da ƙafarta. Ta rame, gashinta ya zube, idonta na dama ya mutu, na hagu yana gani dishi-dishi. Amma ta san mu. Ta rungume Kaka, ta kira ni da sunan tsokanar da take kirana, ta ce na yi tsawo kamar an ja ni. Ta sha ruwa. Sannan ta dubi ɗakin ta ce, “Ina ɗiyata? A kawo ta ta sha nono.”

Yarinyar na tsaye riƙe da zanena, da ɗan guntun rogo a hannu. Kaka ta tura ta gaba ta ce, “Ga ta nan.”

Adda ta durƙusa ta kawo fuskarta kusa, ta shafa kanta, ta ce, “Wagga ɗiyar wa ce? Tana da kyau.” Ta ɗago ta ce, “Tawa nike tambaya. Jinjira.”

Muka ɗauka kwana biyu zai wuce. Bai wuce ba. Komai nata ya dawo, tana girki, tana salla, tana tuna waƙoƙin daka, ta san an yi mulkin kai tunda an gaya mata, amma a wajenta 'yarta tana nan wata huɗu. Kaka ta nuna mata wani baƙin tabo a bayan kunnen yarinyar wanda aka haife ta da shi. Adda ta taɓa shi ta ce, “Ikon Allah. Tawa ma tana da irinai.” Malamai suka yi rubutu ta sha. Mijinta ya ɗauke ta zuwa Kende ko ganin ɗakinta zai taimaka, ta shiga gida-gida tana ɗaga labulen mutane tana duba goyonsu, bayan kwana tara ya dawo da ita yana share hawaye da hannun riga. Bai sake ta ba. Duk ranar kasuwa yakan zo da kifi ko gero, ya zauna a zaure su gaisa, ta tambaye shi jinjira, ya ce tana lafiya.

A ƙarshe haka gidan duka ya koma faɗa. Jinjira na Kende wajen dangin ubanta, sai Adda ta ƙara ƙarfi za a kawo ta. Da wannan take samun natsuwa ta yini. Idan aka yi kuskure aka ce mata ga 'yarki, sai ta rikice, ta ƙi abinci, ta fita bakin hanya ta tsaya. Yarinyar ta tashi tana ce mata Adda kamar yadda nake faɗa, ni kuma tana ce mini Inna ƙarama. Adda na sonta. Takan yi mata kitso da lalube, ta ajiye mata ƙanzo, ta ce idan tata ta zo za su yi wasa tare.

Yarinyar na da shekara bakwai muka gaya mata gaskiya, ni da Kaka, domin yaran unguwa sun fara yi mata gori. Ta saurara har muka gama. Bayan kwana biyu ubanta ya tafi da ita Kende ta yi sati. Ranar da ta dawo ina tankaɗe a tsakar gida, na ga ta wuce kai tsaye wajen Adda, ta zauna a gefen tabarmarta.

Ta ce, “Adda, na ga ɗiyarki.”

Na ajiye rariya. Adda ta kama hannunta ta ce, “Kin gane ta? Yaya take?”

“Lahiya lau. Ta yi ƙiba. An yi mata wanka, an sa mata kwalli.”

“Tana kuka?”

“Kaɗan. In an goya ta sai ta yi shiru.”

Ba wanda ya sa ta. Daga ranar, duk lokacin da ta je Kende ta dawo sai ta kawo labari. Jinjira ta yi murmushi, jinjira ta kama yatsan kakarta, an saya mata 'yar hula ja. Ba ta taɓa ba ta haƙori ko rarrafe ba, ta san iyakar abin da Adda za ta iya ɗauka. Ni kan bar wurin idan sun fara, domin muryar yarinyar ba ta rawa ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Adda ta yi shekara goma sha ɗaya bayan dawowarta. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ta, cikin sanyi, da hantsi. Lokacin Kaka ta riga ta rasu, ni na yi aure a Bahindi, aka aiko na zo. Yarinyar ce ke jinyarta, ta zama budurwa, tsayinsu ɗaya. Ina zaune ta wajen ƙafa na ji Adda ta jawo ta kusa ta ce, “In kin tahi Kende, ki ce su riƙa ruhe mata kai. Iskar bakin ruwa ba ta da kyau ga jinjiri.”

Ta ce, “To, Adda. Ni gaya musu.”

Yanzu 'yar Adda tana Lafagu, ta haifi takwas, tana da jikoki. Bara na je na kwana biyu a wajenta. Muna zaune ana ta kawo mata jarirai tana yi musu wasa, sai na tambaye ta, a karon farko, ko ta taɓa jin haushin uwarta. Ta ce a'a. Ta ci gaba da jijjiga wanda ke cinyarta, sannan ta ce abin da ke damunta daban ne. Wani lokaci, in ji ta, idan ta bi ta Kende a mota, sai ta ji kamar ya kamata ta sauka ta duba yarinyar nan, ta ga ko ana kula da ita.